Wasan Diplomacy a intanet: ina dabara ta tsaya, ina maguɗi ya fara?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu tofa albarkacin bakinmu kan wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu buga wasannin allo na dabarun yaƙi a intanet. Wani ya ce an ci amanarsa, wani ya ce an yi masa maguɗi, sai a cakuɗa ƙorafin biyu wuri guda, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban. Za mu ɗauki wasa ɗaya mu yi bayani da shi, wato Diplomacy, saboda babu wasan da ya kai shi haddasa wannan gardama, kuma abin da ya shafe shi ya shafi 'yan'uwansa irin su Risk.

Wani Ba'amurke, Allan Calhamer, shi ya ƙirƙiro shi a 1954, ya buga kwafi 500 da kuɗinsa a 1959. Tun 1963 ake buga shi ta gidan waya, yau kuma ya koma shafuka irin su webDiplomacy da Backstabbr. Allon taswirar Turai ce a farkon ƙarni na 20, an yanka ta gida 75, na tudu 56, na ruwa 19. Mutum bakwai ne ke zama, kowa da daularsa: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. A cikin gidajen akwai cibiyoyi 34. Cibiya ɗaya tana ciyar da ɗa ɗaya, ko soja ko jirgin ruwa, kuma wanda ya tara 18 ya cinye wasan. Kowa yana farawa da 'ya'ya uku, ban da Rasha mai huɗu. Sauran cibiyoyi 12, irin su Beljiyam, Suwidin, Girka da Tunis, ba su da mai su, a kansu ake fara wawaso a 1901, wato shekarar farko a lissafin wasan. Kowace shekarar wasa tana da zagayen tafiya biyu, na bazara da na kaka.

Babu ƙuri'a, babu jefa ɗan ludo, babu sa'a. Duk 'ya'yan ƙarfinsu ɗaya. Ɗa yana iya tsayawa, ko ya tafi gidan da ke maƙwabtaka da shi, ko ya mara wa wani baya, jirgi kuma yana iya yi wa soja fito ya tsallakar da shi teku. Kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe su lokaci ɗaya. Ɗaya da ɗaya in sun nufi gida guda, sun yi karo, kowa ya tsaya inda yake. Biyu a kan ɗaya sun ture shi. To mai 'ya'ya uku da ke neman 18 a ina zai samo ƙarfin? Dole sai da maƙwabci. Shi ya sa hira tsakanin zagaye ita ce wasan, tura 'ya'ya kuwa sakamakon hirar ne kawai. Littafin dokoki ya ba da minti 30 na tattaunawa kafin zagayen farko, minti 15 kafin kowane zagaye bayansa, ya kuma faɗa ƙarara cewa abin da aka yi alkawari a hirar bai ɗaure kowa ba.

A nan ne sabon shiga ke tuntuɓe, musamman namu da aka rene da cewa alkawari kaya ne. Bari mu duba a kusa. A duk allon, Banis ta Italiya da Tiriyeste ta Ostiriya su kaɗai ne cibiyoyin gida na dauloli biyu da suke manne da juna tun farko. A bazarar 1901 Ostiriya takan fitar da jirginta daga Tiriyeste zuwa Albaniya, ta tura sojan Budafes zuwa Sabiya, da nufin in kaka ta zo jirgin ya shiga Girka, sojan Sabiya yana mara masa baya. Italiya ta yi ta lallashi, ta ce ita Tunis kawai ta sa a gaba, daga nan su haɗu su auka wa Turkiyya. Ostiriya ta sakankance, ta bar sojan Biyana yana gadin Galisiya saboda tsoron Rasha. Aka buɗe umarnin kaka, sai ga sojan Banis zaune a Tiriyeste. Lissafin hunturu ya zo: Ostiriya da ta sa ran biyar ta tashi da huɗu, Italiya ta tashi da biyar. Mafi ciwo, ba a gina sabon ɗa sai a cibiyar gida wadda babu kowa a ciki, kuma Tiriyeste ce kaɗai tashar ruwan Ostiriya, don haka ba ta sake gina jirgi har sai ta ƙwato ta. An zaɓi kaka ne da gangan, domin bayan zagayen kaka kaɗai ake ƙirga cibiyoyi. Wanda ya shiga a bazara ana iya korarsa kafin ranar lissafi.

Abin da zafi, babu shakka. Amma ba maguɗi ba ne, kuma duk wanda ya kai ƙara gun masu kula da shafi a kan wannan, haƙuri za su ba shi. Mutum bakwai ɗin nan sun zauna ne da sanin cewa kowa yana iya faɗin abin da ba zai yi ba. Makamin yana hannun kowa daidai, kuma yana da magani a kan allon. Ostiriya tana da damar mayar da sojan Biyana Tiriyeste su yi karo. Tana da damar tambayar Italiya dalilin da ya sa sojanta bai bar Banis ba. Haka ma wanda ya ce "wallahi yatsana ne ya zame, kuskure na yi wajen shigar da umarni", alhali da gangan ya rubuta marawar da ba ta dace da tafiyar abokinsa ba. Haka wanda ya kwafi saƙon Jamus ya canza kalma biyu ya tura wa Faransa. Duk cikin gona ake, kuma maganinsu ɗaya: a daina auna mutum da daɗin bakinsa, a auna shi da inda 'ya'yansa suke tsaye.

Gogaggun 'yan wasa ba yarda suke saye ba, tsari suke yi wanda zai sa cin amana ya yi tsada. Rasha da Turkiyya sukan shirya karo na ganganci a Bahar Aswad: jirgin Sebastofol da na Ankara duk su nufi tekun, su yi karo, kowa ya kwana a gida, babu wanda ya dogara da maganar wani. Ingila da Faransa sukan yi yarjejeniyar barin mashigin ruwan da ke tsakaninsu babu kowa, har da sharaɗin cewa Faransa ba za ta gina jirgi a Bires ba sai ta sanar. Jamus kuwa tana da wata sanda a kan Rasha wadda ba ta cin ta komai: jirginta ya shiga Denmak a bazara, a kaka ya nufi Suwidin ya yi karo da na Rasha. Rasha ta rasa Suwidin, jirgin Jamus kuma yana nan a Denmak ya ci cibiyarsa. Da wannan take ciniki. Kuma masu cin wasa ba yawan ƙarya suke yi ba. Wanda ya yi ƙarya a 1901 saboda cibiya ɗaya ya sayar da sunansa da araha, sauran shekaru tara babu mai sauraronsa. Ana ajiye yankan baya ne sai inda zai kawo cibiya biyu ko uku, ya kuma bar wanda aka yanka ba shi da ƙarfin ramawa.

Maguɗi na gaskiya daga wajen allo yake shigowa, inda sauran mutum shida ba sa gani, ba su kuma da abin mayar da martani. Babbansa shi ne mutum ɗaya ya buɗe asusu biyu ya zauna a kujera biyu. Wasu na ganin ai ƙaramin abu ne, tunda dama ana ƙawance. Ba su yi lissafi ba. Ƙawancen gaskiya yana da haraji: Rasha da Turkiyya, ko sun shaƙu kamar me, sai kowa ya bar ɗa ɗaya ko biyu yana sa ido kan Bahar Aswad da Armeniya da Romaniya, kuma kowace cibiya da aka ci sai an yi ja-in-ja kan rabonta. Mai asusu biyu ba ya biyan wannan haraji. In Rasha da Turkiyya ya riƙe, yana da 'ya'ya bakwai tun ranar farko, duk suna fuskantar gaba, a kan Ostiriya mai uku. Ba kuma wanda zai iya raba shi da abokinsa, don babu abokin. Italiya za ta ɓata kwana uku tana zuga Turkiyya a kan Rasha, ashe da mutum ɗaya take magana, kuma duk sirrin da ta faɗa wa wannan ya riga ya isa wancan. Wasan mutum bakwai ya mutu tun kafin a fara.

Ƙanin wannan shi ne wanda ya fi kama mutanenmu, domin ba ya kama da laifi a idonmu. Abokai biyu, ko wa da ƙani, su shiga wasa da baƙi biyar, sun riga sun gama magana a zaure cewa ba mai taɓa wani. A wajenmu wannan zumunci ne, ɗan'uwa rabin jiki. A kan allo kuwa sakamakonsa daidai yake da na asusu biyu, kuma shafukan suna hukunta shi. Haka cinikin da ya ratsa wasanni, a ce ka bar mini Beljiyam a nan, ni kuma in bar maka Romaniya a wancan wasan. Haka bin mutum da gaba daga wasa zuwa wasa saboda ya yanke ka watan jiya. Haka a wasan da aka ɓoye sunaye mutum ya bayyana kansa ga wanda ya sani. Mun ga abin ya juye mana ke nan: wanda ya saɓa alkawari a cikin wasa muna kiransa maci amana alhali bai karya doka ba, wanda ya riƙe amanar abokinsa ta waje muna yaba masa alhali shi ne ya cuci mutum biyar.

Akwai nau'in da ake bugawa ba hira sam, wanda suke kira Gunboat, mu ce wasan bebaye. A cikinsa an yarda ka yi magana da 'ya'yanka. Idan Jamus ta rubuta cewa sojan Munik yana mara wa sojan Faransa baya, ko da marawar ba ta da wani amfani, kowa ya gane hannunka mai sanda ne, tana neman sulhu. Wannan halas ne a dokar wasan, don kowa ya gani. Amma a koma WhatsApp a tsara zagaye, wannan sata ce tsagwaronta.

Masu kula da shafi suna da hanyoyin ganewa. Suna duba adireshin intanet da asusun ke shigowa da shi, da lokutan shiga da fita, da yawan wasannin da asusun biyu suka haɗu, da salon umarni: daular da ta bar gidanta a buɗe ga maƙwabci tun 1901, tana ta mara masa baya ba ta karɓar ko sisi. A nan akwai abin da ya kamata 'yan wasanmu su sani. Mutum biyu da ke amfani da wayfay ɗaya a gida ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko wanda ya jona wayarsa da datar abokinsa, za su bayyana da adireshi ɗaya. Kamfanonin waya ma sukan ɗora masu layi da yawa a kan adireshi guda. Saboda haka mai gaskiya yana iya faɗawa cikin zargi. Rigakafin ba shi da wuya: a rubuta wa masu kula da shafi tun kafin a fara, a ce mu biyu ne a gida ɗaya, ga sunayen asusunmu, kuma a guji shiga wasan jama'a tare. In ana son bugawa da abokai, a buɗe wasa na musamman mai kalmar sirri, a gayyaci mutum bakwai da duk sun san wane ya san wane.

Sai kuma ɓarnar da ba mugunta ke kawo ta ba, amma ta fi maguɗi yawan kashe wasa, wato mutum ya ɓace. In lokaci ya cika ba ka shigar da umarni ba, 'ya'yanka duka tsayawa suke yi, babu mai mara wa wani baya, wanda aka ture kuma in ba a ba shi umarnin ja da baya ba ya fita daga allon. Ostiriya ta ɓace a 1902, Turkiyya da Rasha da Italiya su yi watandar cibiyoyinta a banza, Ingila da ke can wani ɓangaren ta yi wasa mai kyau amma ta tarar wani ya yi ƙiba da abin da bai yi wa gumi ba. Shekarar wasa guda tana iya kai matakai biyar: tafiyar bazara, ja da baya, tafiyar kaka, ja da baya, sai gini. In kowane mataki awa 24 ne, wasan da ya kai 1910 zai ci wata ɗaya zuwa biyu. Wanda ya san wuta da sabis ba su da tabbas a unguwarsu kada ya shiga mai zagayen minti biyar. Ya zaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kuma da zarar sabon zagaye ya buɗe ya shigar da umarni na wucin gadi ya adana, daga baya ya gyara bayan an yi hira. Ya duba ƙarfe nawa wa'adin ke cika a agogonmu, don wasan da Ba'amurke ya buɗe da yammacinsa yakan cika ne da tsakar darenmu. In tafiya ta kama, a nemi a dakatar da wasan, ko a nemi mai riƙon ƙwarya da sanin masu kula da shafi, ba a miƙa wa aboki kalmar sirri a ɓoye ba. A webDiplomacy ana rubuta wa kowa ma'aunin cika alkawarin zuwa, kuma wasanni masu kyau sukan rufe ƙofa ga wanda nasa ya faɗi.

Inda gardama ta fi tsami, har tsakanin tsofaffin hannu, shi ne ƙarshen wasa. Allon yana rabuwa gida biyu, 17 da 17. Kudu da gabas akwai Italiya, Ostiriya, Turkiyya, ƙasashen Balkan huɗu, Tunis, Mosko, Warso da Sebastofol. Arewa da yamma akwai sauran, har da San Fitasbag. Tsakaninsu ana iya gina ganuwar da ba ta fasuwa. Misali, mai tahowa daga kudu ba shi da jirgi a tekun arewa ba zai taɓa San Fitasbag ba sai ta Mosko da Liboniya, ƙarfi biyu ke nan. Ɗa ɗaya a ciki, wani a Nowe yana mara masa baya, sun tsare ta har abada. Don haka mai 17 sai ya tsallaka ya ciro ɗaya, Munik ko Marsai ko makamancinsu, kafin sauran su haɗa ganuwar. In sun riga shi, wasa ya tashi canjaras.

To a nan ne mai cibiya biyu da ke riƙe da Munik yake zama sarki. Yana iya cewa abokan ganuwa, in kuka ci gaba da gutsurar ƙasata, zan buɗe wa wancan ƙofa ya kai 18, a fasa kowa ya rasa. Wasu suna kiran wannan ɓata wasa. A ganinmu barazanar halattacciya ce, ita ce kaɗai makamin ƙarami, kuma in ba ya iya cika ta wani lokaci, ba ta da amfani. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ya buɗe ƙofar don wancan abokinsa ne na makaranta, ko don ya gaji yana son ya tafi kallon ƙwallo.

Rabin wannan rigima ma tsarin maki ne ke haifar da ita, kuma mutane ba sa karanta shi kafin su shiga. A tsari ɗaya, in wasa ya tashi canjaras, ana raba maki daidai tsakanin duk wanda ya rayu. Mutum huɗu kowa kashi 25 cikin 100. In aka kashe ƙaramin, ukun su tashi da kashi 33. Don haka manya za su haɗu su cinye shi, shi kuma ya yi ta kukan zalunci, alhali lissafi ne ya tura su. A ɗaya tsarin ana ninka cibiyoyin kowa da kansu. Masu 12, 10, 8 da 4 sun zama 144, 100, 64 da 16, jimla 324. Na farko ya samu kusan kashi 44, na ƙarshe kusan 5. A nan kashe ƙarami ba shi ne abin nema ba, kowace cibiya ce ke da daraja, ko ta abokinka ce, shi ya sa ake ganin satar cibiya ɗaya a zagayen ƙarshe. Wanda ya shiga wasan tsari na biyu da tunanin na farko zai rantse an cuce shi.

Wani sabon baƙo kuma ya shigo. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da wata manhaja mai suna Cicero, ta buga wasa 40 a webDiplomacy ba tare da bayyana ko ita wace ce ba, tana hira da mutane, ta samu fiye da ninki biyu na matsakaicin makinsu, ta shiga cikin kashi 10 na sama a cikin waɗanda suka buga fiye da wasa ɗaya. Tunda na'ura ta kai nan, duk mai buɗe wasa ya kamata ya rubuta tun farko ko an yarda a nemi taimakonta wajen zaɓen umarni ko rubuta saƙo. Wanda yake amfani da ita don gyara Turancinsa daban, wanda ya miƙa mata kujerarsa daban.

Ga wanda ya zargi maguɗi, kada ya tashi a dandalin hirar kowa da kowa yana nuna yatsa. Zargi a bainar jama'a shi kansa makami ne, ana amfani da shi don a haɗa wa mutum taron dangi, kuma shafuka da dama sun hana. Ya rubuta wa masu kula da shafi a keɓe: lambar wasan, dauloli biyun da yake zargi, shekara da zagaye, da ainihin umarnin da ya ba shi mamaki, misali kakar 1902 Turkiyya ta fice daga Bulgeriya ta mara wa Rasha baya ta shiga, ba ta samu komai ba. "Sun haɗe mini kai" ba hujja ba ce, haɗe kai shi ne wasan. Sannan ya ci gaba da shigar da umarninsa har a yanke hukunci, don in ya yi fushi ya fice, ya ƙara wa sauran ɓarna ta biyu a kan ta farko.

Abu ɗaya muke roƙon 'yan'uwa da shi, wanda ba ya cikin littafin Calhamer: a bar rantsuwa a waje. Kada a sa sunan Allah ko Alƙur'ani a kan maganar Beljiyam. Wanda ya rantse don a yarda da shi ya jawo abin da ya fi allo nauyi ya ɗora a kai, abokin hirarsa kuma ba shi da yadda zai auna wannan da inda jirage suke tsaye. Haka zagin iyaye, da gorin ƙabila ko addini, da bin mutum har shafinsa na Facebook bayan an tashi. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da faɗin abin da ba zai yi ba, ko a wasa, yana da mafita: ya koyi cewa "ba zan yi maka alkawari a kan wannan gidan ba", ya yi yarjejeniya mai wa'adi, a ce daga nan zuwa kakar 1904, in ta ƙare ya sanar kafin ya motsa. Ko kuma ya koma wasan bebaye, inda ba a tambayar kowa bakinsa.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu ma'abota wasannin allo, daga Kano